A. D. Hope

Alec Derwent Hope (1907–2000) mawaƙi ne na ƙasar Ostiraliya, kuma malamin adabin Ingilishi. An haife shi a garin Cooma cikin jihar New South Wales, ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Tasmaniya inda mahaifinsa ke limancin coci. Ya yi karatu a jami'o'in Sydney da Oxford, daga 1951 kuma ya zama farfesa a Canberra.

Bai yi gaggawar fitar da littafi ba. Kundinsa na farko, The Wandering Islands, sai a 1955 ya fito, yana dab da cika shekara hamsin. A zamanin da mawaƙa da yawa suka watsar da amsa-amo da ma'auni, shi ya riƙe su gam.

Waƙarsa da ta fi shiga zukata ita ce The Death of the Bird. Tana bin wata tsuntsuwa mai ƙaura, wadda kowace shekara sauyin yanayi ke kiranta ta ƙetare teku da hamada. A tafiyar ƙarshe hanyar da ta saba bi ta ɓace mata, ƙarfinta ya ƙare, ta faɗi. Hope bai cika baitocin da kuka ba, kuma wannan kamewar ce ta ba waƙar nauyinta.

Ya sha ɗebowa daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. A The Return of Persephone ya ɗauki labarin da Girkawa ke bayyana zuwan hunturu da bazara da shi, amma ya tsaya kan lokacin rabuwa, sa'ad da Persephone ta gane tana son sarkin lahira da ya sace ta.

Ya rasu a Canberra.