Tsohuwar Tanka a Kan Iyakar Gadarif

A ranar 6 ga Nuwamba, 1940, Birgediya William Slim na Ingila ya kai wa sojojin Italiya farmaki a Gallabat, garin da ke kan iyakarmu da Habasha a jihar Gadarif ta yau. Tankokin yaƙi 12 ya zo da su. Ya karɓe sansanin, amma kafin rana ta yi nisa yawancinsu sun tsaya cak: duwatsu da nakiyoyi sun tsittsinka musu sarƙa. Bai iya ƙetarawa Metema ba.

Shekara 80 cif bayan haka, a Nuwamban 2020, yaƙin Tigray ya ɓarke, 'yan gudun hijira suka cika sansanin Um Rakuba. Cikin tankokin da aka ƙona a kan hanyoyin Tigray akwai T-55, wadda Tarayyar Sobiyat ta fara ƙerawa a 1958, Habasha kuma ta samu da yawa lokacin yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978. Wato motar ta girmi iyayen masu tuƙa ta.

Me ya hana ta mutuwa? Ba ƙarfi ba ne, araha ce da sauƙin gyara. Nauyinta tan 36, igwarta milimita 100, mutum huɗu ke cikinta, injinta na dizal ne wanda bakanike mai haƙuri zai iya kwancewa ya ɗaura. An ƙera ta dubbai barjat, don haka kayan gyaranta ba su yanke ba. Sudan ma ta haɗa tata, ta sa mata suna Digna, sunan Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabas. Duk manomin Gadarif da ke lallaɓa tsohuwar tarakta a gonar riɗi ya san wannan lissafi.

Sai dai tun 1987 asirinta ya tonu. A Fada da Wadi Dum, sojojin Cadi cikin motocin Toyota ɗauke da makaman Milan suka ragargaza tankokin Libiya. Daga wannan makaranta mayaƙan Darfur suka fito, har zuwa dakarun RSF. Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023, mai tanka shi ne aka yi wa ƙawanya: rundunar sulke ta Shajara, a kudancin Khartoum, ta daɗe tana kare kanta a cikin gida. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, jama'arta suka kwararo mana, sai a Janairun 2025 soja suka ƙwato ta.

A ganina, T-55 ta bar aikin da aka ƙera ta dominsa. Yanzu igwa ce da ake girkewa a bakin gada ko ƙofar bariki, a tare ta da ƙasa, ana kasa kunne ga jirgi marar matuƙi. A nan kuwa, da zarar damina ta sauka kan baƙin laka, ba ta da hanya sai kwalta, kuma kowa ya san inda kwaltar ta bi.