Kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan tsohuwar talabijin

Jiya a Haɗejia na ga ɗan gwangwan ya lodo talabijin uku a kura, irin masu tudun bayan nan. Sai na tuna 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, muna layi a shagon gem don mu taɓa Mario.

Famicom ɗin da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, hotonsa ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Sega Mega Drive ta 1988 kuwa 320 da 224. Masu zanen sun san tsohuwar talabijin tana narkar da ɗigo cikin ɗigo, kuma da hakan suka yi lissafi. Ruwan da ke kwarara a Sonic zane ne layi-layi, talabijin ce ke haɗe shi ya zama ruwa.

Da na jona wa yarana a filasma, sai babban ya ce, "Baba, wai wannan ne gem ɗin naku?" Hoto ya baje, Mario ya yi ƙiba, bindigar harbin agwagi ta ƙi aiki, don da hasken tsohon gilashin take gane saiti.

Akwai dabara: mayar da allo 4:3, sannan a ninka hoton daidai, 240 sau uku 720, sau tara 2160. Manhajar RetroArch ma tana kwaikwayon layukan da. Amma kwaikwayo ne.

Manyan kamfanoni sun daina ƙera masu tudun. Wadda aka fasa don wayar tagulla ta tafi kenan. Jama'a, in akwai mai rai a gida, a adana ta.