Yadda Makaɗan Kudancin Katsina Suka Koyi Sana'arsu

Gozaki tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, wajen iyakar Zazzau. Daga nan har zuwa Malumfashi da Bakori da Funtua duk ƙasar noma ce, ta dawa da masara da auduga. Inda noma ya yi ƙarfi kuwa, nan kiɗa ke samun gindin zama, domin da damina ana neman makaɗi wurin gayya, da kaka kuma, in an sayar da amfanin gona, sai bukukuwan aure su tashi. To, yaya mutanen nan suka ƙware, alhali ba su da makaranta, ba su da littafin kiɗa?

A zamanin da, yawanci gadon kiɗa a ke yi. Amma gado bai isa ya mai da yaro makaɗi ba. Abin da a kan fara koya masa shi ne saurare. Sai ya yi shekaru yana bin ubansa, yana ɗaukar masa ganga daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba a ba shi ya buga ba. Kunnensa na ta sha, har zaƙin kiɗan ya zauna masa.

Sa'an nan a ba shi kuntukuru, watau 'yar ƙaramar gangar nan da ke raka kalangu. Aikinsa guda ne tak, ya riƙe bugu ɗaya, kada ya yi gaggawa, kada ya yi nawa, ko da za a kwana ana yi. Yaron da ya raina wannan, ya ce shi sai babban kalangu, ba ya zama gwani, gama wanda bai iya riƙe bugu ɗaya ba, ina zai iya sarrafa goma? Sai hannunsa ya faɗa tukuna za a bar shi ya saɓa kalangu a hamata, ya koyi matsa tsarkiya da sassauta ta, har gangar ta riƙa faɗin magana kamar bakin mutum.

Haka kuma ta wajen waƙa. Mai son ya zama mawaƙi ya kan fara da zama ɗan amshi. A nan zai koyi inda a ke shiga, da inda a ke yin shiru, da yadda a ke jure gyara a gaban jama'a ba tare da fushi ba. Ga kuma hidimar kayan aiki: a duba fata, a sake tsarkiyar da ta tsinke, a kiyaye ganga daga raɓa da ruwan sama.

Wanda ya fi kowa suna a wannan yanki bai gaji kiɗa ba, amma shi ma ta hanyar naci ya bi. Shi ne Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa cikin 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ne. Da ƙuruciyarsa ya yi tallan goro da alewa, yana yi yana waƙa a kasuwa da dandali. Daga baya ya zauna a Bakori, sa'an nan ya koma Funtua.

Mutane sun fi tunawa da shi wajen ƙaga waƙa nan take, a gaban wanda zai yi wa. Masu gani daga nesa sai su ce ai baiwa ce kawai. Baiwa kam akwai ta, amma fa a tuna da shekarun da ya yi yana waƙa a dandali, da yawon da ya sha gari gari yana lura da halayen mutane da maganganunsu, da makaɗan kalangu da 'yan amshin da suka daɗe tare da shi har suka san abin da ya ke nufi kafin ya faɗa. Abin da ya fito nan take, an daɗe ana tara shi. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya rasu cikin 1999, aka binne shi a Daura.

Sabo da haka, mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane mai sha'awar wannan sana'a, ka gaya masa ya fara da kunne kafin hannu, ya riƙe ƙaramin aiki har ya nuna, ya zauna kusa da wanda ya fi shi, ya kuma taɓa abin kowace rana ko da kaɗan ne. Masu iya magana sun ce, da koyo a kan iya. Allah ya ba mu haƙurin koyo, amin.