Duwatsun Awon Zinare na Ashanti

Duwatsun awon zinare ƙananan zubin tagulla ne da al'ummar Akan ta Gana da Kwaddibuwa suka riƙa auna garin zinare da su, tun wajajen 1400 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Akasarinsu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Masu su suna ce musu abrammuo.

Masana sun saɓa kan asalinsu. Georges Niangoran-Bouah, masani ɗan Kwaddibuwa, yana ganin ƙirƙirar Akan ce tun fil azal, har ya ce zane-zanen jikinsu wani irin rubutu ne. Timothy Garrard kuwa, a littafinsa na 1980, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan sikeli, ya tarar nauyin mafi daɗewa a cikinsu yana tafiya da miskali, wato wajen giram huɗu da rabi, awon nan da malamai ke lissafin nisabin zakkar zinare da shi. A wajensa fataken Wangarawa ne suka gangaro da awon daga Jenne zuwa kasuwar Begho. Hujjarsa ta fi ƙarfi, domin abin da aka ɗora a sikeli kowa na iya sake ɗorawa.

Duwatsun farko ba su da siffar kowace halitta: murabba'i ne, ko mai matakala, da 'yan layuka a kai. Masu siffa sun yawaita ne bayan 1700, zamanin da daular Ashanti ta kafu a Kumasi. Maƙeri zai sassaƙa abin da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. Wani sa'in ba ya ma sassaƙawa, sai ya lulluɓe gyaɗa ko ƙwaro, wuta ta cinye abin, tagulla ta ɗauki kamanninsa har da zanen ɓawo. In nauyi ya gaza, a cusa darma ko a naɗa waya. In ya zarce, a goge, ko da za a guntule ƙafar mutum-mutumin. Da yawansu karin magana ne, kamar kadoji biyu masu ciki ɗaya da ke rigima kan abinci. Awon da ya yi wa tagulla ƙanƙanta kuwa, da ƙwayar idon zakara ake yin sa.

Turawan Ingila sun haramta ciniki da garin zinare a yankin gaɓar teku a 1889, aka kama Sarkin Ashanti Prempeh a 1896, kuɗin Bature ya maye gurbi. Daga nan duwatsun suka watsu hannun dillalai.

Yau ana ganinsu a gidan tarihi na ƙasa da ke Akara, wanda aka buɗe a 1957, da gidajen tarihi na Landan da Faris. Abin takaici, masu tarawa sun tsince masu siffa sun raba su da ƙunshinsu, wato futuo, inda mai shi ke haɗa sikeli da cokali da akwatin gari. Cikakken ƙunshin mutum ɗaya, wanda zai nuna awon da ya yi ciniki da shi, ya yi ƙaranci ƙwarai.