Tarbiyyar Matasan Kirista a Damagaram

Aikin tarbiyyar matasa a majami'un Damagaram ya faro ne daga 1924, shekarar da 'yan mishan na SIM suka buɗe tasharsu ta farko a ƙasar Nijar, a birnin Zinder. A lokacin Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a yankin, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Baƙin sun tarar da gari mai tsohuwar sarauta, wanda Sarki Tanimun ya ɗaukaka tun ƙarni na 19, ga malamai da makarantun allo a Birni da Zango. Masu karɓar bishara ba su yi yawa ba, kuma har yau Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Wannan ƙaranci shi ya tsara yadda aikin ya kasance: mutum ɗaya yana riƙe da hannun mutum ɗaya, babu taron dubbai.

Tushen aikin a wurin masu bishara shi ne cewa ba a gadon bangaskiya. Ɗan fasto ma sai ya tuba da kansa, ya shaida a gaban jama'a, sannan a yi masa baftisma da wayonsa. Suna kafa hujja da umarnin Yesu a ƙarshen Bisharar Matiyu, sura 28, na mayar da al'ummai almajirai da koyar da su, da kuma yadda Bulus ya reni Timoti yana saurayi har ya ɗora masa nauyin koyar da wasu. Tunda kowa zai amsa da bakinsa, dole kowa ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa. Fitowar cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da yawa, ta ba wannan aƙida abin riƙewa. Ajin koyon karatu, haddar ayoyi da waƙoƙin sujada da Hausa suka zama abincin yau da kullum na yaron Kirista.

A nan kuma aka samu cikas babba. SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka kafa a 1893, ta ɗauki wa'azi a matsayin aikinta na gaske, ta yi ɗari-ɗari da makarantar zamani. Yawancin ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada, Faransa kuwa ta sharɗanta koyarwa da Faransanci. Sai matasa suka tashi da ƙwarewa a Nassi amma babu takardar lakwal, wato makarantar zamani, da za ta kai su aikin gwamnati. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna yadda wannan ya zama abin ƙorafi tsakanin 'yan ƙasa da mishan. Ƙorafin yana da gaskiya, domin an tauye wa zuriya guda hanya a daidai lokacin da ƙasa ke shirin samun 'yanci.

Nauyin aikin ma ya karkata yamma, zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda aka horar da masu bishara, da gonar koyarwa ta Maza Tsaye, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Saurayin Damagaram mai son zurfafa karatu sau da yawa sai ya bar gida.

Katolika sun bi wata hanya. A koyarwarsu jariri yana shiga ikilisiya ta baftisma, sai a raine shi da katikisma har ya kai ga tabbatarwa, don haka makaranta ta zama ginshiƙi. Makarantar mishan ɗinsu ta Zinder ta karɓi 'ya'yan Musulmi masu yawa tare da 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa Kiristoci da suka zo daga Dahomey da Togo.

Bayan 'yancin kai a 1960 majami'un da SIM ta dasa suka tsaya da ƙafarsu da sunan EERN. Daga nan zumuntar matasa, ƙungiyar mawaƙa da makarantar Lahadi suka koma hannun 'yan ƙasa, kusa da zumuntar mata wadda ita ce ƙashin bayan majami'un Hausa. Iskar Najeriya ta yi tasiri sosai, domin harshe ɗaya ne kuma Kano ba ta da nisa: littattafan da aka buga a Jos, da salon Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960, wanda ya ɗora wa kowane mai bi aikin shaida, duk sun ƙetaro iyaka.

Jarrabawa mafi zafi ta zo ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo. An ƙona majami'u a Zinder, washegari a Yamai, mutum 10 suka rasu a biranen biyu, Kiristoci ɗaruruwa suka fake a barikin soja na Zinder. Da yawa cikin masu ƙonawar matasa ne, sa'o'in 'yan zumunta, daga unguwannin da rashin aiki ya haifar da gungun da ake kira fale. Shugabannin majami'u sun fito fili sun yi kira ga yafiya, sun hana ramuwa, wasu maƙwabta Musulmi kuma sun ɓoye iyalan Kirista a gidajensu. Tun daga lokacin, koyarwa kan gafara da zama da maƙwabci ta samu gurbi babba a darussan matasa, tare da damuwa kan sana'ar da saurayi zai riƙe kansa da ita a cikin garinsu.