Da Wa Kake Zama?

Na daɗe ina tunani a kan abin da ya faru a garin Hudson na Amurka a shekarar 1932. Cikin mako biyu 'yan mata 14 suka gudu daga makarantar gyaran hali. Likita Jacob Moreno ya zana taswirar wa ke son zama da wa, sai ya ga gudun ya bi igiyar ƙawance ne. Irin wannan zane shi ne tushen ilimin nazarin alaƙar jama'a. Tun zamanin Imam Bukhari kuwa malaman hadisi ke binciken waɗanda mai ruwaya ya zauna da su. Ɗan uwa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Allah Ya haɗa mu da nagari, amin.