Aflatun Mutumin Atina da Koyarwarsa a kan Rai

A cikin masu hikima na zamanin dā, da wuya a sami wanda tunaninsa ya shiga Ikkilisiya kamar na Aflatun. Wannan suna daga bakin Larabawa muka same shi, Turawa kuwa suna ce masa Plato. Mutumin ƙasar Girka ne, wato daga cikin mutanen da Littafi Mai Tsarki yake kira Helenawa. Ya rasu fiye da shekara 340 kafin haihuwar Almasihu, bai taɓa jin bishara ba. Duk da haka waɗansu maganganun da mukan yi a kan rai da jiki, musamman a wurin jana'iza, daga wurinsa suka samo asali. Saboda haka ya kamata mu san mutumin, mu san abin da ya koyar, domin mu iya rarrabe nasa da abin da manzanni suka danƙa mana.

Zamanin da ya tashi

An haifi Aflatun wajen shekara ta 427 kafin haihuwar Almasihu, a wani gidan manya na birnin Atina. Mai karatu ya tuna, shekarun wancan zamani baya-baya ake lissafa su. Cikin yaƙi ya tashi, gama tun shekara ta 431 Atina take fama da birnin Sifarta, ba a gama ba sai a 404, sa'ad da Atina ta sha kashi. Masu nasara suka ɗora mutum 30 a kan birnin, su kuwa suka shiga kashe mutane da ƙwace dukiyarsu. Ɗaya daga cikin manyansu, Kiritiyas, dangin mahaifiyar Aflatun ne. Ba su daɗe ba aka kore su, aka komo da mulkin jama'a.

A waɗannan shekaru ne Aflatun ya manne wa wani dattijo mai suna Sukurat. Shi Sukurat bai rubuta littafi ba, bai kuma karɓi kuɗin koyarwa ba. Yakan tsaya a kasuwa ya tambayi mutane, mene ne adalci, mene ne jaruntaka, har wanda yake ganin ya sani ya gane bai sani ba. A shekara ta 399 aka kai ƙararsa, wai ba ya girmama allolin birnin, yana kuma lalata samari. Alƙalai wajen 500 suka saurari shari'ar, suka yanke masa hukuncin kisa, aka ba shi dafi ya sha. Yana da shekara 70, Aflatun kuwa bai kai 30 ba.

Wannan abu ya bar wa Aflatun tambayar da ta bi shi har mutuwarsa. Azzalumai 30 sun zub da jini, ga shi mulkin jama'a ma ya kashe mutumin da ya fi kowa gaskiya a ganinsa. To, ina adalci yake? In adalci shi ne abin da masu iko ko yawan jama'a suka yarda da shi, ashe Sukurat mai laifi ne. In kuwa ba shi da laifi, lalle akwai wani adalci wanda ba ya sākewa, wanda da shi ake auna hukuncin kowane birni.

Wajen shekara ta 387 ya kafa makaranta a wani lambu a bayan garin Atina, ana kiranta Akademiya. A nan Aristo ya yi shekara 20 yana karatu. Aflatun ya rasu a 347. Littattafansa kusan duka hira ce tsakanin mutane, a yawancinsu kuma a bakin Sukurat ya sa maganar.

Misalin kogo

Bahaushe yakan ce gani ya kori ji. Aflatun ba zai yarda ba, gama a wurinsa ido ma yana ruɗin mutum. A kashi na 7 na littafinsa mai suna Jamhuriya ya ba da misali. Waɗansu mutane suna ɗaure a cikin kogo tun suna yara, ba su iya juya wuya, bango kawai suke kallo. A bayansu akwai wuta, waɗansu kuma suna wucewa gaban wutar ɗauke da kayayyaki, inuwar kayan tana faɗuwa a bangon. Ɗaurarrun ba su taɓa ganin kome ba sai inuwa, don haka suka ɗauka ita ce gaskiya. Har sukan girmama wanda ya fi iya faɗin inuwar da za ta biyo baya.

Sai aka kwance ɗaya, aka ja shi waje. Haske ya kashe masa ido, ya so komawa. Da kaɗan-kaɗan ya saba, ya ga itatuwa da taurari, a ƙarshe ya ga rana. Tausayin 'yan'uwansa ya kama shi, ya koma ya faɗa musu. Amma idonsa ya daina gani sosai a duhu, sai suka yi masa dariya, suka ce fita waje ta lalata shi. Da za su sami hali ma, sai su kashe mai son kwance su. Duk wanda ya san ƙarshen Sukurat ya san wanda ake nufi.

Ma'anar misalin ita ce, abubuwan da muke gani muna taɓawa kamar inuwa suke: suna zuwa, suna sākewa, suna shuɗewa. Bari mu ɗauki bakin ƙwarya, da zobe, da bakin rijiya. Dukansu mukan ce da'ira ne, amma in aka auna sosai babu ɗaya da ya cika. To, yaya muka san ba su cika ba? Sai dai in hankalinmu ya riga ya san cikakkiyar da'ira wadda ido bai taɓa gani ba. Irin wannan ne Aflatun ya kira ainihin siffa. Ya ce akwai ainihin siffar adalci, da ta kyau, da ta daidaito, ba su tsufa, ba su ruɓewa, da hankali kaɗai ake kama su. A bisansu duka akwai Nagarta, wadda ya kwatanta da rana, domin ita ce take sa a iya sanin sauran.

Abin da ya koyar a kan rai

In da hankali ake kama abin da ba ya mutuwa, in ji Aflatun, to, ran mutum dangin wannan abu ne. Ya shimfiɗa wannan magana a littafin Faido, labarin ranar ƙarshe ta Sukurat a kurkuku. Abokansa suna baƙin ciki, shi kuwa hankalinsa kwance, yana nuna musu cewa mutuwa rabuwar rai da jiki ce kawai. Ya kwatanta jiki da kurkuku, ya ce yunwa da ciwo da sha'awa suna hana rai ganin gaskiya, don haka mai son hikima dukan kwanakinsa shirin mutuwa yake yi.

Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce koyo tunawa ne. A wani littafi, Meno, Sukurat ya kira wani yaro bawa wanda bai taɓa koyon lissafi ba, ya yi zane mai kusurwa huɗu, ya yi ta yi masa tambayoyi har yaron da kansa ya gano yadda za a ninka girman zanen sau biyu. Daga nan Aflatun ya ce ran yaron ya riga ya san wannan tun kafin a haife shi, mantawa ya yi.

Abin yabo a wurin Aflatun shi ne bai ɓoye gardamar masu shakka ba. Wani abokin Sukurat mai suna Simiyas ya ce watakila rai kamar amon garaya yake: in garayar ta fashe, tsirkiya ta tsinke, amon ya tafi ke nan. Sukurat ya amsa cewa amo ba ya iya saɓa wa garayarsa, amma rai yakan hana jiki abin da yake so, kamar mai ƙishirwa da ya ƙi shan ruwa. Wani kuma, Kebis, ya ce watakila rai kamar masaƙi yake, wanda ya kashe riguna da yawa, amma a ƙarshe ya mutu ya bar ta ƙarshen. Amsar da aka ba shi ita ce, rai shi ne mai kawo rayuwa duk inda ya shiga, ba zai karɓi kishiyarsa ba, kamar yadda wuta ba ta karɓar sanyi.

Ya kuma koyar cewa rai kashi uku ne: hankali, da zuciya mai fushi da kishi, da sha'awa. Ya kwatanta su da mai tuƙa karusa da dawaki biyu, ɗaya mai jin linzami, ɗaya mai taurin kai. Mutum adali shi ne wanda hankalinsa yake riƙe da linzamin. Daga nan ya kai ga wata magana mai nauyi, cewa gara a zalunce ka da ka yi zalunci, domin azzalumi ransa yake cuta. Ya gaskata akwai shari'a bayan mutuwa, ya kuma gaskata rai yakan komo duniya a wani jiki, na mutum ko na dabba.

Yadda Ikkilisiya ta sadu da shi

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu Manzo Bulus ya yi wa'azi a Atina, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna. Mutanen birnin suka saurare shi har ya kai ga tashin matattu, a nan ne waɗansu suka yi masa ba'a. Rai ya wanzu bayan mutuwa, wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahelene. Amma jiki ya tashi daga kabari, ga wanda ya ɗauki jiki kurkuku, kamar a ce wa wanda aka saki ya koma gidan yari ne.

Yustin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 165, almajirin koyarwar Aflatun ne kafin ya tuba. Ya ba da labari cewa wani tsoho da ya gamu da shi a bakin teku ya nuna masa rai ba shi da rai na kansa, yana raye ne domin Allah ya so ya rayu. Tataliyan na Kartaj, a Afirka ta Arewa, ya yi gargaɗi wajen shekara ta 200, yana tambayar abin da ya haɗa Atina da Urushalima. Orijin na Iskandariya kuwa ya karɓi ra'ayin cewa rayuka suna nan tun kafin haihuwa, a ƙarni na 6 Ikkilisiya ta ƙi wannan koyarwa.

Wanda ya fi kowa auna al'amarin shi ne Agustin, da aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. A shekara ta 386, a birnin Milan, ya karanta littattafan mabiyan Aflatun. Su ne suka taimake shi ya gane Allah ruhu ne, ba wani jiki mai girma ba, mugunta kuma rashin nagarta ce. Amma ya ce bai sami labarin Kalman da ya zama mutum a cikinsu ba, bai sami tawali'un gicciye ba. A shekara ta 387 aka yi masa baftisma.

Inda hanyoyin suka rabu

Mu yi wa Aflatun adalci. Ya tsaya a kan cewa gaskiya ba kayan masu iko ba ce, ya koyar cewa mutum zai ba da lissafin ayyukansa, a littafinsa na Timayos ma ya ce wani gwani nagari ne ya tsara duniya. Ba abin mamaki ba ne da iyayen Ikkilisiya suka girmama shi.

Amma a wurinsa rai ba ya mutuwa domin haka halinsa yake, ya kasance tun kafin haihuwa. A wurinmu rai halitta ne, ransa kuma kyauta ce daga hannun Allah. A wurinsa bege shi ne rai ya kuɓuta daga jiki. Mu kuwa mun karanta cewa Allah ya yi jiki ya ce yana da kyau, Ɗansa ya ɗauki jiki, ya tashi da jiki, har ya ci abinci a gaban almajiransa. Shi ya sa Shaidar Bangaskiya ta Manzanni take ambaton tashin jiki. Hanyar fita kogo kuma ta 'yan kaɗan ce: a tsarin Jamhuriya sai mutum ya yi shekara 10 yana lissafi, 5 yana koyon muhawara, 15 yana aikin hukuma, sa'an nan a shekara 50 ya ɗaga ido ga Nagarta. Bishara kuwa masunta aka fara danƙa wa.

Wannan bambanci yana shafar zamanmu. Wanda ya ɗauka jiki ƙwanso ne da za a yar, zai iya raina yunwar maƙwabcinsa da ciwon mara lafiya, ko ya ce abin da ya aikata da jikinsa bai taɓa ransa ba. Haka kuma sa'ad da muke ta'azantar da masu makoki, in mun tsaya a kan cewa ran mamacin ya huta daga jiki, rabin maganar muka faɗa. Gaskiya ne yana tare da Ubangiji, amma sai mu ƙara da cewa jikin da muka sa a ƙasa zai tashi a ranar ƙarshe. Malamai da masu koyar da 'yan ajin baftisma su kula su faɗi duka biyun.